Masuncin da Aka Binne a Samnu

Na Allah ne mu, kuma gare Shi kowa zai koma. Ranar Talata bayan la'asar Allah Ya karɓi ran surukina, mahaifin maigidana, a gonar da ya shekara goma sha ɗaya yana aiki cikinta a Samnu, kudancin Libiya. Ba zan rubuta sunansa ba, don ban taɓa furta shi ba yana raye. Baba nake ce masa. Mutanen Sabha kuwa Baba Mai Kifi suka san shi.

Na zaci zaman makokin na mutum goma ne ko sha biyar, leburorin gonakin da ke kewaye da mu. Baƙi ne mu a ƙasar nan, danginmu duk suna can ƙasar Maraɗi. Amma tun safiyar Laraba motoci suka fara tsayawa a bakin gona. Mu mata muna zaune bayan shingen ganyen dabino, muna jin duk abin da maza ke faɗi.

Haj, Balaraben da ke da gonar, an kawo masa kujera ya ture ta da ƙafa, ya zauna kan tabarma tsakanin leburorinsa. Bai ce komai ba sai "Allah Ya jiƙansa" da Larabci, yana ta maimaitawa. Can wani mutumin Mali ya iso daga Ghudduwa, Hausarsa irin ta kasuwa ce. Ya gaisa, ya yi addu'a, sannan ya ce:

"Baba ya ba ni kifi ashirin, ƙanana ƙanana. Ya ce ba ci. Wata shida ba ci. Ni yunwa, ni yana kallo kifi, kifi yana kallo ni."

Maza suka fashe da dariya a wurin makoki. Shi ma ya yi dariyar, sai kuma ta juye masa kuka, har aka kama shi aka zaunar.

A ɓangarenmu akwai wata Bakanuwa mai sayar da abinci a Sabha, wadda ta daɗe tana sayen bandar kifi a hannuna. Ta matso ta raɗa mini, "Don Allah 'yar'uwa, wai da gaske ne a nan aka haifi kifin nan? Ni duk zatona daga Tarabulus ake kawo muku cikin ƙanƙara." Na ce ta tashi ta leƙa. Ta tashi, mata huɗu suka bi ta. Kafin azahar masu gaisuwa sun kewaye jabiya, wato babban kwamin siminti da ake tara ruwan rijiya a ciki kafin a sake shi cikin shuka, suna leƙen karfasa, suna tambayar juna abin da take ci da yadda aka yi ta zo tsakiyar rairayi.

Da yamma aka samu Inna, uwar maigidana, a waya. Ta yi kukanta, ta yi addu'arta, sannan ta ce a ba ni. "Amarya, kin ba su abinci yau?" Na ce su wa, Inna? Ta ce, "Kifinsa mana. Kada ku bar su da yunwa don yana kwance."

Tambayoyin da na ji a bakin jabiya ranar nan su suka sa na zauna rubuta wannan. Wasu na san amsarsu. Wasu shi kansa ya tafi yana neman amsar.

Baba masunci ne ɗan masunci, a bakin tafkin garinmu aka haife shi. Ya zo Libiya a shekarun da aka buɗe wa baƙar fata ƙofa, rediyo kullum tana maganar Afirka ta zama ɗaya, kamiyo, manyan motocin kaya, na tasowa daga Agadas cike da mutane har saman kaya. Maigidana ya riga shi zuwa, shi ya samo masa aikin ban ruwa a gonar Haj. Maigidana ɗan fari ne, don haka Baba ba ya kiran sunansa, sai dai ya ce "wannan mutumin". To wannan mutumin ya ba ni labari cewa ranar da Baba ya fara ganin jabiya, ya daɗe tsaye a kanta, sannan ya ce, "Duk ruwan nan ba kowa a ciki?"

Wata rana wani Bamisre mai gyaran injin ruwa ya ce ya taɓa ganin 'yan kifaye a wani tsohon idon ruwa cikin dabinon Zighan. Kowa ya ɗauka zance ne. Baba ya jira Juma'a, ya ɗauki bido biyu, wato jarkoki, ya tsaya bakin hanya har ya samu mai kai shi. Ya dawo da yamma wandonsa jiƙe har cinya, da 'yan karfasa da ba su fi yatsa ba. Ya zuba su a jabiya ba tare da ya tambayi kowa ba.

Sanyin shekarar ya kashe su duka. Wanda bai zauna wannan yanki na Fezzan ba ba zai yarda da irin sanyin da ake yi a nan ba. Da safe ya tarar da su sun juya ciki sama. Maigidana ya ce ya yi tsammanin magana ta ƙare. Baba kuwa sai ya tsuguna yana cewa, "To me ya sa na Zighan ba su mutu ba? Sanyin ai ɗaya ne." Ya koma can, ya tsoma hannu a idon ruwan, ya ji da ɗumi. Ya dawo ya tsoma hannu a bakin bututun rijiyar Haj, ya ji shi ma da ɗumi yake fitowa, a jabiya ne yake kwana ya huce. Daga nan ya roƙi a riƙa tayar da injin da sassafe maimakon da rana, ya kuma rufe rabin jabiyar da leda da ganyen dabino. Ya sake ɗebo wasu. Waɗannan su ne kakannin duk kifin da ke gonakin nan yau.

Kalmarsa biyu ce: "Me ya sa?" da "Bari mu gani." Ba a yanka kifi a gidanmu bai buɗe cikinsa ya duba abin da ya ci ba. Ya gwada musu busasshen burodi, wanda a ƙasar nan ake zubarwa buhu-buhu. Ya gwada dabinon da ya faɗo ya lalace, suka ƙi. Ya gwada ganyen ciyawar da ake noma wa tumaki, suka ci. Ya taɓa rataya buhun takin kaji a ruwan har ya zama kore shar, Haj ya zo ya gani ya ɗaga murya, ya ce an ɓata masa ruwa, a kwashe kifin nan kafin Juma'a. Baba bai yi musu ba. Ya kama hannun rigarsa ya kai shi fagen albasa, ya nuna masa layukan da ke shan ruwan jabiya, ya nuna masa na can gefe da ke sha kai tsaye daga rijiya. Bambancin ko makaho ya shafa zai ji. Haj ya tsaya yana kallo, ya juya ya tafi. Juma'a ta zo ta wuce. Bayan sati biyu ya aiko da siminti a gyara wa kifin jabiya.

Ni na zo a shekararsa ta huɗu. Kowa ya san yadda suruka take da uban miji: in ya shigo ta ƙofa ni na fita ta baya, in zan gaishe shi sai na durƙusa daga nesa, idona a ƙasa. Shi ma haka, in yana da magana da ni sai ya faɗa wa ɗansa ko da ina tsaye a wurin. "Gaya wa Amarya wutar ta yi yawa, kifin zai ƙone ta waje cikinsa ɗanye." Da haka ya koya mini banda ba tare da ya taɓa duban fuskata ba. Na fara kai wa mata masu abinci a Sabha. Mutanenmu da suka shekara ba su ɗanɗana miyar kifi ba suka yi ca a kaina. Akwai wanda ya sa tsokar a baki, ya ce ƙamshin gidan uwarsa ya ji.

Abu ɗaya ne ya dame ni. Da zarar sanyi ya wuce, ruwa ya fara ɗumi, sai Baba ya naɗe birginsa, tarun da muke kamu da shi, ya rataye. Wata biyu cur ba mai taɓa jabiya. Ba ya faɗin dalili, ni kuma ba ni da bakin tambaya.

Wata shekara rufewar ta faɗo daidai da azumi. Masu abinci suna ta aiko mini, wata har ta ce in ba zan iya ba ta nemi mai kawo na gwangwani. Na ga kasuwar da na sha wuya na kafa za ta watse, ga kifi kuma ina gani yana yawo. Ranar Juma'a maza suka tafi masallaci. Na kwance sangen gadona, wanda muke shiga saboda sauro, na kira matar maƙwabcinmu ta riƙe gefe ɗaya, muka ja shi daga wannan bango zuwa wancan. Sange ba ya barin komai. Manya, ƙanana, har waɗanda ba su kai ƙwayar shinkafa ba, duk suka taho. Muka cika roba biyu.

Ban gama gyarawa ba suka dawo. Baba ya ga sangen a kan igiya yana ɗiga. Ya matsa ya shafa shi, ya dubi tafin hannunsa. Ya zo inda nake, ya tsuguna gaban robar. Tun da na zo gidan bai taɓa matsowa kusa da ni haka ba. Ya tona ya zaro wata karfasa madaidaiciya, ya matse kumatunta da yatsa biyu. Bakinta ya buɗe, sai ga ƙwai rawaya yana zubowa a hannunsa, kamar gero. Ya ɗauko wata, wannan 'ya'ya ne a bakin, har da idanunsu.

"A baki take goyo," ya ce, kuma da ni yake, ba da ɗansa ba. "Kwana goma ko fi ba ta cin komai, don kada ta haɗiye su."

Duk da haka zuciyata ba ta sauka ba. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Baba, ni ban sani ba. Ba wanda ya gaya mini. An ce kada a taɓa, shi ke nan. Ni nake shan hayaƙi, ni nake zuwa kasuwa, ni mata ke zagi in na zo hannu biyu. Wata biyu me zan ce musu?"

Maigidana ya daka mini tsawa. Baba ya ɗaga masa hannu. Ya zauna a ƙasa sosai. Sannan ya ba mu labarin da ko ɗansa bai taɓa ji daga bakinsa ba.

Ya ce lokacin yana da ƙarfinsa, kifin tafkinmu ya fara raguwa, sai masunta suka koma saƙa taru mai ƙananan idanu, shi ma ya saƙa nasa, wata uku yana aikinsa. Rannan ma'aikatan gwamnati masu kula da ruwa da daji suka zo da mota, suka auna idon kowane taru da ɗan ƙarfe, suka tara waɗanda ba su kai ba, suka zuba musu kananzir suka ƙone su a gaban jama'a. Nasa na ciki. Suka ce doka ce, suka hau mota suka tafi.

"Shekara goma ina tsine musu," in ji shi. "Suna tafiya muka saƙa wasu, muka riƙa ɓoyewa a rumbu. Mun ci nasara a kansu, Amarya. Mun ci nasara har ranar da na ja taru tun safe zuwa azahar na fito da kwaɗi uku. Su ke da gaskiya. Amma ko ɗayansu bai tsuguna ya buɗe mini bakin kifi ba. Kuma ba wanda ya tambaye ni abin da yarana za su ci kafin kifin ya girma." Ya goge hannunsa a wando. "Yau ga ni na yi miki irin tasu."

Ya tashi ya sauke sangen daga igiya, ya ninke, ya ajiye a gabana. Muka mayar da waɗanda ke da sauran rai. Kifin shekarar bai yi yawa ba, kowa ya san dalili, amma bai ƙara tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Abin da ya yi shi ne, bayan Sallah ya sa ɗansa ya gina ƙaramin kwami a gefe. Nan ya ware iyaye mata da 'yan maza kaɗan, ba a taɓa su. Babbar jabiya kuma ya ce tawa ce duk shekara, muddin da birgi mai faɗin ido zan kama. Daga ranar kuma ya daina aiko ɗansa. In ya ga wani abin mamaki a ruwa sai in ji, "Amarya, zo ki gani." Kunyar ba ta tafi ba, amma ta matsa ta ba kifi wuri.

Duk wanda ya zo neman iri yana ba shi, bai taɓa hana kowa ba: 'yan Nijar, 'yan Mali, 'yan Ghana, har Larabawa masu gonaki. Sharaɗinsa biyu. Kada ka ci sai sun haihu, in sun haihu kuma ka ba mutum biyu. Kuma ba ya sakin bido a hannun mutum sai ya buɗe masa bakin uwa ya gani da idonsa. Matafiyan da mota ta zubar a Sabha ba su da kowa, in suka biyo ta gona neman aikin yini, ba ya tambayarsu ƙasarsu. Zai ce in gasa musu kifi biyu, ya zauna yana kallonsu suna ci, yana tambayarsu, "A garinku akwai kogi? Wane kifi ke ciki? Yana nan kamar da, ko ya ragu?" Kusan kowa ya ragu yake cewa. Sai Baba ya kaɗa kai kamar an ba shi labarin wani ɗan'uwansa.

Akwai ranar da farar mota ta shigo gona da mutum biyu masu takardu a hannu. Leburori suka zaci masu duba bataƙa ne, katin zama, kafin ka ce me sun ɓace cikin dabino. Baba na tsaye da kwanon burodi. Ashe ma'aikatan gona ne na gwamnati, labarin kifin ya kai musu. Maigidana ya fito daga maɓoyarsa ya yi tafinta. Babbansu ya ce ana son ƙasa ta riƙa noma kifinta, kada a dogara da teku kaɗai, suna tunanin a haƙa manyan tafkuna a kudu, kowanne da rijiyarsa.

Baba ya ce, "Tambaye shi, ruwan da ke ƙarƙashin ƙasar nan, daga ina yake zuwa?"

Mutumin ya ce tsohon ruwa ne, tun zamanin da ake ruwan sama a nan.

"To in an ɗebe, wa ke mayarwa?"

Mutumin ya yi murmushi, ya ce ba kowa.

"Gaya masa tun zuwana sau biyu Haj yana ƙara wa rijiyar nan bututu. Kada a haƙa rijiya don kifi. Kifi ya zauna a ruwan da dama za a ba shuka, ya yi wankansa ya ba albasa sauran. Kowace gona tana da jabiya. Su fara da waɗannan."

Mutumin ya rubuta. Ya yi niyyar minti goma, ya yi awa biyu, don Baba ya tsare shi da tambaya: kifi yana barci? Me ya sa maza suka fi mata saurin girma? Wasu ya amsa, wasu ya ce sai ya duba littafi. Ban san inda takardar tasa ta ƙare ba. Bai dawo ba, kuma Baba ya daɗe yana cewa mutumin ya tafi masa da amsa biyu.

Tun bara ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya. Likitan Sabha ya ce a kai shi Tarabulus. Ya ƙi, ya ce shi ba mai hawa mota yini guda ba ne don a gaya masa ya tsufa. Haj ya yi magana, maigidana ya yi, bai ji ba. Rannan ina shara ya kira ni.

"Amarya, Tarabulus ɗin nan, asibitin da nisa da teku?"

Na ce ban sani ba, Baba, amma an ce garin a bakinta yake.

"To gaya wa wannan mutumin ya nemo mota."

Sai a lokacin na gane cewa mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan ruwa bai taɓa ganin teku ba.

Na bi su don in riƙa yi masa abinci. Likitocin can suka duba, suka ba da magani, suka ja maigidana gefe suka gaya masa abin da muka riga muka sani. Washegari da hantsi muka kai shi inda jiragen masunta ke tsayawa. Ya sauka daga mota da ƙyar, yana dafe da kafaɗar ɗansa. Ya dubi ruwan. Ya daɗe. Ya ce, "Ina ɗaya bakin?" Maigidana ya ce sai an yi kwana ana tafiya. Ya ce, "Allahu Akbar."

Ana sauke akwatunan kifi. Ya matsa, ya ɗauki kifi ɗaya, ya gwada shi da tafin hannunsa, bai kai ba. Ya ɗauki wani, shi ma haka. Wani tsoho Balarabe da ke zaune yana ɗinkin raga yana kallonsa. Baba ya ɗaga masa kifin, ya ɗaga gira. Tsohon ya ajiye allurarsa, ya ware hannuwansa biyu da faɗi, ya nuna bayansa da babban yatsa, wato da can. Sannan ya matso da hannuwan kusa da juna, ya nuna ƙasa, wato yanzu. Baba ya ware nasa hannuwan, ya nuna kudu, shi ma ya matso da su. Tsohon ya gyara masa wuri a kan akwati. Suka zauna kusan awa, ba mai jin yaren wani, Baba na sa yatsa a idon ragar yana aunawa, tsohon na kaɗa kai. Maigidana ya so ya yi tafinta, Baba ya ce ya bari, suna jin juna.

Da za mu tafi ya ce a ɗebo masa ruwan a kwalba. Ya ɗanɗana, ya tofar, ya yi dariya har tari ya kama shi.

A mota, mun yi nisa cikin rairayi, ya ce, "Ni na zaci tafkinmu ne ƙarami shi ya sa ya ƙare. Ashe har wannan ana iya gajiyar da ita." Can kuma ya ce, "Amarya, kin san wasu rijiyoyin Samnu sun fara gishiri. In karfasa za ta iya zama a ruwan gishiri, to mutanen nan ba su rasa komai ba. In mun isa za mu raba ruwan kwalbar nan, mu haɗa da namu kaɗan-kaɗan a roba, mu sa karfasa biyu a ciki. Za mu fara da..." Sai tari ya katse shi, da ya lafa kuma barci ya ɗauke shi.

Kwana tara ya yi bayan dawowarmu, bai ƙara samun ƙarfin fita ba.

Kwalbar na nan a kan taga. Shekaranjiya maigidana ya ɗauka zai zubar, na ce ya mayar. Na riga na wanke roba, na zaɓi kifi biyun da zan sa. Abin da ban sani ba shi ne da ruwan teku nawa zan fara, murfin kwalba ɗaya ko biyu, don bai ƙarasa faɗa ba. Gobe in Allah Ya kai mu zan fara da ɗaya.

Ya Allah, baƙo ne ya kwanta a ƙasar da ba tasa ba. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka shayar da shi daga tafkin Annabinka, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ka ba Inna haƙuri. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.